Kafar Nano: Yadda Ake Karanta DNA Ta Ramin Da Ido Ba Ya Gani

A nan Kudu, da an ambaci DNA abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne rigimar miji da mata a kan ɗa na waye. To wannan ɗan ƙaramin ɓangare ne kawai. Babban amfanin karanta DNA a yau yana wajen cuta: wace ƙwayar cuta ce, daga ina ta fito, ta wace hanya take yaɗuwa, kuma wane magani ne zai ci ta. A wannan rubutu zan yi bayanin wata fasaha da ta fito da wannan aiki daga manyan ɗakunan gwaji na Turai da Amurka ta kawo shi inda cutar take, har da jihar Edo. Masana suna zura zaren DNA ta wani ɗan mitsitsin rami su karanta shi yayin da yake wucewa. Zan riƙa kiran ramin da kafar nano, kamar yadda muke cewa kafar allura.

Mene ne ake karantawa?

DNA wani dogon zare ne da ke naɗe a cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum, da dabba, da tsiro, da bakteriya. An jera shi da sinadarai iri 4, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffa A, C, G da T. Yadda haruffan nan suka jeru shi ne umarnin ginin jiki. Na mutum ya kai harafi biliyan 3, na saniya kusan biliyan 2.7. Bairos kuwa nasa gajere ne, kuma da yawansu suna amfani da ɗan'uwan DNA da ake kira RNA. Na zazzaɓin Lassa bai kai harafi 11,000 ba, na Ebola kusan 19,000, na korona kusan 30,000.

Ga inda amfanin yake. Duk lokacin da ƙwayar cuta ta hayayyafa sai ta kwafi haruffanta, kuma jefi-jefi takan yi kuskuren kwafi. Kuskuren nan yana bin zuriyarta kamar shaidar da aka yi wa dabba a kunne. Idan aka ɗebi jinin marasa lafiya biyu aka ga ƙwayoyin cutarsu suna ɗauke da kuskure iri ɗaya, to tushensu ɗaya ne, wataƙila ma ɗaya ne ya shafa wa ɗaya. Idan kuwa sun yi nisa da juna, kowa daga wuri daban ya kwaso tasa. Shi ya sa sanin jerin haruffan yake da muhimmanci.

Ƙanƙantar kafar

Nanomita awo ne: a raba milimita 1 gida miliyan 1, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita 80,000 ko fiye. Zaren DNA, wanda yake tufke da sili biyu, faɗinsa nanomita 2 ne. Kafar da ake magana a kanta, inda ta fi matsewa, tana tsakanin nanomita 1 da 2. Kenan sili ɗaya kaɗai ke iya shiga, sai an warware tufkar.

Babu allurar da za ta huda rami irin wannan. Kafofin farko daga bakteriya aka aro su. Akwai wata mai suna Staphylococcus aureus, wadda ke haddasa maruru, tana fitar da wani dafi mai siffar zobe da ke maƙalewa a jikin ƙwayar jini ya huda ta. Wannan zoben dafin, da faɗinsa ya kai nanomita 1.4 a matsatsinsa, shi masana suka fara amfani da shi. Daga baya suka koma ga wasu zobba daga wasu bakteriyar, suna gyara su yadda suke so.

Yadda take aiki

Ka ɗauka akwai bokiti cike da ruwa, da ɗan rami a gindinsa, ruwa na tsiyaya. Sai ka samo igiya mai ƙulle-ƙulle iri 4, wani babba, wani ƙarami, ka zura ta ramin kana ja. Idan babban ƙulli ya zo sai tsiyayar ta ragu sosai, idan ƙarami ne ta ragu kaɗan. Mutumin da ke auna tsiyayar, ko bai ga igiyar ba, zai iya faɗa maka jerin ƙullin. Dabarar kenan gaba ɗayanta, sai dai a maimakon ruwa, lantarki ake aunawa.

A cikin na'urar akwai wani siririn tantani da lantarki ba ya ratsa shi, da ruwan gishiri a samansa da ƙasansa. An dasa kafar a jikin tantanin. Idan aka sa ɗan ƙarfin lantarki, wanda bai kai kashi 1 cikin 5 na bolt 1 ba, sai ƙwayoyin gishiri masu caji su riƙa kwarara ta kafar, ana auna kwararar. Shi ma DNA yana ɗauke da caji, don haka lantarkin yana janyo shi cikin kafar. Kowane harafi yana da girmansa da siffarsa, kuma kowanne yana tare hanya daidai gwargwadonsa.

Matsaloli biyu suka daɗe suna ci wa masana tuwo a ƙwarya. Ta farko gudu: idan aka bar zaren da kansa, dubban ɗaruruwan haruffa ke wucewa a sakan 1, babu na'urar da za ta kama. Maganin shi ne a ɗaura wa zaren wani furotin da ke zama a bakin kafar, yana warware tufkar yana sakin silin kaɗan-kaɗan, kamar mai riƙe da igiyar bijimi yana sassauta masa taku-taku. Da wannan gudun ya dawo kusan harafi 400 a sakan 1, na'ura kuma tana auna lantarkin sau 4,000 zuwa 5,000 a sakan ɗin.

Ta biyu, ba harafi ɗaya ne kaɗai ke cikin matsatsin a lokaci guda ba, kusan 5 ne ko fiye. Saboda haka abin da ke fitowa a kwamfuta wani zane ne mai hawa da sauka. Sai manhaja, wadda aka horar da ita da ɗimbin zarurrukan da an riga an san jerinsu, ta mayar da zanen haruffa.

Taƙaitaccen tarihi

Tushen dabarar ya girmi DNA ɗin karantawa. A 1953 wani Ba'amurke, Wallace Coulter, ya samu lasisin mallakar na'urar ƙirga ƙwayoyin jini ta hanyar wuce da su ta ƙaramin rami a cikin ruwan gishiri. Har gobe na'urorin ƙirga jini na asibitoci da yawa a kan wannan dabarar suke.

A 1989 David Deamer, malamin jami'a a Kalifoniya, ya zana a littafinsa tunanin cewa za a iya yin haka da zaren DNA. Shi ma George Church na Jami'ar Harvard ya yi irin wannan tunani. A 1996 Deamer da Daniel Branton da John Kasianowicz da Eric Brandin suka nuna cewa lallai sili ɗaya na wucewa ta zoben dafin nan, kuma ana ganin wucewarsa a awon lantarki. Amma ganin wucewa daban, karantawa daban. Sai a 2012 ƙungiyoyin Mark Akeson a Santa Cruz da Jens Gundlach a Jami'ar Washington suka nuna yadda furotin zai riƙe zaren har a iya bambance haruffa. Shekara 23 kenan tsakanin zane a takarda da cikar aiki.

A Ingila kuwa, Hagan Bayley na Jami'ar Oxford da abokansa sun kafa kamfani a 2005, wanda yanzu ake kira Oxford Nanopore Technologies. A 2012 suka sanar da na'ura mai suna MinION, a 2014 suka raba ta ga masu bincike su gwada, a 2015 ta shiga kasuwa.

Ita na'urar

MinION ba ta kai girman babbar wayar hannu ba, nauyin samfurinta na farko bai kai giram 100 ba, kuma daga kwamfutar tafi-da-gidanka take shan wuta ta USB. Ana sa mata wani faranti mai ɗauke da gurbin kafofi 2,048, inda 512 ke iya aiki a lokaci guda. Da ta fito, ita da kayan farawa dala 1,000 ake sayarwa, alhali manyan na'urorin wancan lokaci sai dubban ɗaruruwan daloli. In ka tuna cewa aikin karanta DNA ɗin mutum na farko ya ɗauki daga 1990 zuwa 2003, ya kuma ci kusan dala biliyan 3, za ka gane nisan da aka yi.

Abu biyu suka bambanta ta da sauran. Na ɗaya, sakamako yana fitowa tun tana kan aiki, ba sai ta gama ba. Da ka samu abin da kake nema sai ka tsayar. Na biyu, tsawon karatu. Na'urorin kamfanin Illumina, waɗanda suka fi yawa a duniya, suna yanka DNA gutsi-gutsi, harafi 150 zuwa 300, sannan kwamfuta ta harhaɗa. Ka ɗauki turmin atamfa mai zane iri ɗaya da ke ta maimaituwa, a yayyanka shi ƙanana a ce ka mayar da shi yadda yake. Ƙyallen tsakiya duk kama ɗaya suke, ba ka san wanne ke bin wanne ba. Amma in yankan dogaye ne, aikin ya zo da sauƙi. DNA ma cike yake da wuraren da ke maimaituwa. Kafar nano tana karanta dubun-dubatar haruffa a zare ɗaya, kuma a 2018 a Jami'ar Nottingham an karanta zare ɗaya mai harafi sama da miliyan 2. Irin wannan dogon karatu na cikin abin da ya sa a 2022 aka cike kusan kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin mutum da aikin 2003 ya bari a buɗe.

Daga Gini zuwa Irrua

Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini, Saliyo da Laberiya. Mazauna Legas da Fatakwal ba su manta da ita ba, don ta shigo Najeriya a Yulin 2014 ta kashe mutum 8. A lokacin, tura jini waje a karanta yana cin makonni, kafin amsa ta dawo cuta ta yi gaba. A Afrilun 2015 wani ɗalibin bincike na Jami'ar Birmingham, Joshua Quick, ya tafi Gini da ɗakin gwaji sukutum a cikin jakunkunan tafiya. Shi da abokan aikinsa sun karanta samfurin Ebola 142, kuma amsa na fitowa cikin ƙasa da awa 24 da karɓar jini. Hakan ya taimaka wa ma'aikatan lafiya gane wane mara lafiya ne ke da alaƙa da wane.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na 2018. A farkon shekarar zazzaɓin Lassa ya ɓarke fiye da yadda aka taɓa gani, musamman a Edo, Ondo da Ebonyi. Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano ta a 1969, kuma wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ita a fitsarinsa da kashinsa. Tambayar da ta tayar da hankalin hukumomi ita ce: shin wani sabon nau'i ne ya fito mai saurin bi daga mutum zuwa mutum kamar Ebola?

Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a jihar Edo, tare da masana daga Jamus da Ingila da hukumar NCDC, suka kafa MinION a nan cikin asibitin. Cikin mako 7 suka duba samfurin jini 120. Abin da suka gani shi ne ƙwayoyin cutar sun bambanta da juna sosai, kuma duk irin waɗanda aka saba gani ne a yankunan. Ma'ana mafi yawan marasa lafiyan kowa daga ɓera ya kwaso, ba wani sabon nau'i ba ne yake bin mutane. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ta jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta yi nata binciken da wata na'urar daban, ita ma amsarta kenan.

Ku duba bambancin da wannan amsa ta kawo. Da a ce daga mutum zuwa mutum take gudu, da maganar killace jama'a da taƙaita zirga-zirga za a shiga, kuma kowa ya san a irin wannan yanayi baƙo da matafiyi ake fara nuna wa yatsa. Da aka san ɓera ne, sai ƙarfi ya koma kan tsafta, rufe abinci, da kare ma'aikatan asibiti.

Sauran wuraren da ta yi aiki

A Agustan 2016 Kate Rubins ta karanta DNA da MinION a tashar sararin samaniya ta duniya, karo na farko da aka yi haka a wajen doron ƙasa. A Tanzaniya, Yuganda da Kenya masu bincike sun kai ta gonakin rogo, sun gano bairos ɗin da ke lalata shuka a nan bakin gona cikin sa'o'i. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango an gwada ta wajen gano ƙwayar shan inna a bayan gidan yara, aka samu amsa da wuri da sama da kwana 20 fiye da tsohuwar hanya. A Jami'ar Stanford ta Amurka, da babbar yayar MinION mai suna PromethION, an karanta DNA ɗin mara lafiya gaba ɗaya cikin awa 5 da minti 2. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan karanta DNA don gano tarin fuka mai bijire wa magani, aikin da ke cin makonni idan aka bi hanyar rainon ƙwayar cutar.

Ɓangaren dabbobi

Mu da muka tashi a kara mun san ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne bairos ɗinsa iri 7 ne, kuma rigakafin wani iri ba ya kare dabba daga wani. Shi ya sa za a yi wa garke allura amma ciwo ya shiga. Sai an san irin da ke yawo a yanki kafin a zaɓi rigakafin da ya dace. Cibiyar Pirbright ta Ingila ta nuna cewa MinION na iya bambance irin bairos ɗin.

Akwai kuma maganar shekarun dabba. Da haƙori muke ganewa, amma da zarar manyan haƙoran gaba 8 sun gama fitowa, wajen shekara 4 zuwa 5, sai ƙiyasi da zaizayar haƙori. To DNA yana da wasu ƙananan alamomi na sinadari da ke maƙalewa a kan haruffa, suna sauyawa yayin da jiki ke tsufa. Harafin da ke ɗauke da alamar yana tare kafa daban da wanda babu, don haka na'urar tana ganinsu kai tsaye. A 2021 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun nuna za a iya ƙiyasta shekarun saniya ta wannan hanya daga gashin wutsiyarta. Aikin yana matakin bincike, bai zo kasuwar shanu ba.

Ba DNA kaɗai ba

Kafar ba ruwanta da sunan abin da ya shigo ta. Duk abin da ya tare hanya zai taɓa lantarki. Yawancin gwaje-gwaje suna buƙatar miliyoyin ƙwayoyin sinadari a tare kafin su ga alama, ita kuwa guda-guda take ji. Zurfin faɗuwar lantarkin yana nuna mene ne, yawan faɗuwar yana nuna yawansa a ruwan. Tun ƙarshen shekarun 1990 Bayley ya nuna za a iya gano ƙarafa da ƙwayoyin magani ta haka. Tana kuma karanta RNA kai tsaye ba sai an juya shi zuwa DNA ba.

A 2001 ƙungiyar Jene Golovchenko a Harvard ta huda kafa a siririn fallen silikon naitiraid, ba tare da aron bakteriya ba, a 2010 kuma aka yi a girafin, wani fallen gawayi mai kaurin atam 1 tak. Irin waɗannan sun fi jure wahala, sai dai har yanzu na bakteriya sun fi su iya karatu. Babban abin da ake nema yanzu shi ne karanta furotin. Shi haruffansa 20 ne, ga shi ba ya bin lantarki salin-alin kamar DNA. A 2021 ƙungiyar Cees Dekker a Delft ta ƙasar Holan ta nuna za a iya gane sauyin harafi ɗaya a guntun furotin.

Inda take da rauni

Tana kuskure. A shekarun farko fiye da harafi 1 cikin 10 ba daidai yake fitowa ba. Sababbin farantai sun kai kusan 99 cikin 100, kuma ana rage sauran kuskuren ta hanyar karanta wuri ɗaya sau da yawa. Ta fi rikicewa inda harafi ɗaya ya jeru da yawa, kamar AAAAAA, don lantarkin ba ya sauyawa balle a ƙirga.

Ba a ɗiga mata jini kai tsaye. Sai an kashe ƙwayar cutar, an tace DNA, wani lokaci an ninka shi, kuma duk wannan aikin ƙwararre ne. Faranti ɗaya bai wuce aikin awa 72 ba kafofinsa ke ƙarewa. Shi da ruwan sinadaran suna son firji, ga su da dala ake saye daga waje. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa, naira kuma na faɗuwa, wannan ya fi sayen na'urar wuya.

Sannan ba ita ake amfani da ita a gwajin uba da ɗa ba. Wancan wata hanya ce daban da ke auna tsawon wasu wurare kusan 20 a jikin DNA. Duk wanda kuma aka nemi jininsa ko yawunsa don bincike, yana da haƙƙin ya tambaya me za a yi da shi, wa zai ajiye sakamakon. DNA ɗinka ba sirrinka ba ne kai kaɗai, har da na iyayenka da 'ya'yanka.

Abin da ya rage gare mu

Lassa tana dawowa kowane rani, ta fi tsanani daga Disamba zuwa Afrilu. Amsar da aka samu a Irrua ta shafi duk mai sayar da hatsi, gari, wake ko busasshen kifi, da duk mai kwana kusa da sito. A rufe abinci a mazubi mai murfi, a daina shanya a ƙasa inda ɓera ke bi, a toshe ramuka, a nisanta shara da wurin kwana. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, a tafi asibiti da wuri, don maganin Lassa ya fi aiki a kwanakin farko.

Ƙannenmu masu karatun kimiyya a sakandare kuma su sani, na'urar ta yi araha, masu iya aiki da ita ne suka yi ƙaranci. Darussan bayoloji, kemistiri da kwamfuta su ne ƙofar shiga. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kare mu da dukiyoyinmu.